Masu Awon Iska, Daga Ƙanƙara Zuwa Bayan Sabuwa

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin tasha sai ya ce, "Lawwali, wai da gaske iska kuka je aunawa?" Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zaunar da Malam Isuhu mai cika wa mutane fom, ina faɗa yana rubutawa. Ni ban yi boko ba. Wanda ya ƙara tambayata a karanta masa wannan.

Ni mutumin Pauwa ne, ina kabu-kabu a Ƙanƙara. Wata Litinin cikin damina shugaban tasharmu ya kira ni, ya nuna mini wata farar mota da ƙarfe tsaye a kanta kamar muciya. Ya ce baƙi ne daga wata jami'a, suna neman wanda ya san hanyoyin ƙauye ya shige musu gaba da mashin. Ya ce ni ya zaɓa don ba ni da surutu. Gaskiyar magana, sauran ƙi suka yi.

Su biyu ne. Dakta Mansur, babba, mai tumbi da farar riga, shi ke tuƙi kuma shi ke magana. Sai Injiniya Bilkisu, siririya mai tabarau, ita ke riƙe da na'urar kuma ita ke aikin.

Dakta ya ce, "Malam Lawwali, iskar nan da kake gani..."

Na ce, "Ba na ganinta."

Ya ce, "To, wadda ba ka gani. An yanka ta kamar gonaki. Kowane kamfanin waya da gonarsa, gidajen talabijin ma da tasu. A karkara da yawa suna nan saura, ba a nomawa. Mu muna binciken yadda za a ara wa wani ya shuka, a samu sabis, ba tare da an taka wa mai gona ba."

Na ce, "In mai gona ya dawo fa?"

"Na'ura ce za ta ji motsinsa, ta janye da kanta."

Na ce mu ma haka aka gaya mana lokacin da aka shata burtali. Ya yi dariya, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ban faɗa don a yi dariya ba.

Injiniya ce ta yi mini bayanin da ya shiga kunnena. Ta ce za a kafa ƙananan ƙarafan sabis na gwaji a wasu ƙauyuka, ba duka ba. Na'urarta na shafa wa kowane wuri launi a taswira. Inda ta sa ja, babu sabis, su za a duba. Inda ta sa kore, suna da shi, sai a tsallake su. Ranar Laraba ƙarfe biyar na yamma ofishinsu zai rufe jerin sunaye. Sai ta karanto mini ƙauyukan don in tsara hanya. Na ƙarshe a takardar yana bayan Sabuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya sani ya sani. A can yayata Asabe take aure, ita ta goye ni, kuma ita ce ungozomar garin. In haihuwa ta gardama, kafin a kira mota sai an fita gari an nufi bakin daji neman sabis. Ina jin sunan na tayar da mashin. Ja nake so a sa musu, ba wani abu ba.

Daga Ƙanƙara zuwa Faskari kowa ya san yadda ake tafiya: ka yi addu'a, ka murɗa, kada ka waiwaya. Su kuwa na'urarsu ba ta son sauri. Muna ta rarrafe kamar masu rakiyar gawa, motocin haya na wuce mu, fasinjoji na leƙo mu da tausayi. Da muka kai wata kwana mai duhuwar itatuwa, sai Dakta ya tsaya, ya fito yana miƙa.

Ya ce, "Nan ya dace sosai. Daga nan ana ganin duk wanda ke zuwa ta kowane gefe."

Na ce, "Su ma haka suka gani, Dakta."

"Su wa?"

Na tayar da mashin. Injiniya ta dube ni, ta dubi itatuwan, ta ce, "Dakta, mu auna a gaba." Tun daga nan na san wanda zan riƙa yi wa magana.

A wani shinge 'yan sintirin gari suka tare mu saboda muciyar da ke kan mota. Dakta ya yi musu bayani mai tsawo, da gonaki da komai. Babbansu, wani dattijo mai bindigar toka, ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Yana nuna inda mutanen daji suke?"

"A'a."

"Yana kawo sabis?"

"A'a, aunawa yake."

"Yana cajin waya?"

"A'a."

Ya ɗage itacen. "Ku wuce. Ba ku cutarwa, ba ku amfanarwa."

Baƙin nan nawa suna da al'adu. Ɗaya ita ce, kafin su yi maka tambaya sai sun karanta maka takarda cewa kana da ikon ƙin amsawa, sannan ka dangwala yatsa cewa ka yarda. A wani ƙauye kafin Faskari Injiniya na cikin karanta wa wani tsoho, sai ya ce, "'Yata, tambayi abinki. Waɗanda suka zo mana da tambaya na ƙarshe ba takarda suka riƙo ba." Ta ce, "To Baba, sau nawa kiranka ke yankewa a mako?" Ya ce, "Ai sai ya shiga zai yanke." Ta duba takardarta, babu gurbin wannan amsar. A gefe ta rubuta.

Wata al'adar kuma, ba su cin abinci sai sun ɗauke shi hoto. A Faskari muka kwana, a wani masauki mai fanka a kowane ɗaki, ba wuta. An kawo tuwon masara da miyar kuka, Dakta ya zagaya shi ta nan, ya zagaya ta can, har ya huce, sannan ya ce ya yi sanyi. Ya shafa wa hannunsa wani ruwa mai warin asibiti, ya ci loma uku, ya buɗe gwangwanin kifi. Na cinye nawa da nasa. Ya tambayi mai masaukin ko akwai ruwan zafi. Dattijon ya nuna masa baƙin tanki a tsakar gida, ya ce, "Da azahar akwai."

Talata muka nufi Daudawa. Muna shiga gari Dakta ya ga inuwar mangwaro ya ce bari ya ajiye mota a ƙarƙashi. Ya manta da muciyar. Ƙarar da na ji, na ɗauka an fara harbi. Ƙarfen ya lanƙwashe ya kwanta kamar ya gaji. Mai walda yana gona, sai da na je na ɗauko shi. Ya dubi abin ya ce, "Na mi ne?" Na ce na awon iska. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya kama aiki. Rabin yini ya tafi a nan.

Muna jira ne Dakta ya ga wani mutum ya iso kan mashin da buhu, mata da tsofaffi daga ƙauyukan gefe sun kewaye shi. Ya zazzage buhun, wayoyi ne, kowace da zare ko tsumma mai launi a ɗaure don mai ita ya gane tasa. Dakta ya tambaye ni. Na ce ai aikinsa ke nan. Yana bin ƙauyukan da ba sabis, kowa ya yi maganarsa a cikin waya ya ba shi, ya kawo su inda akwai, saƙonni su fita, na can su shigo, ya mayar. Dakta ya riƙe baki. Ya kira abin da wani dogon suna na Turanci, ya ce a ƙasashen waje manyan masana sun yi shekaru suna rubutu a kansa. Na ce mu Ɗan'azumi muke ce masa. Ya ɗauki Ɗan'azumi hoto shi ma.

Da yamma muka shiga Sabuwa, muka sauka gidan wani Alhaji mai sayen hatsi, sanin shugaban tasharmu. Ya ba mu dambu da mai, ya ba Injiniya ɗaki a cikin gida wajen iyalinsa. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, tun ranar kasuwa ya aika wa mai unguwar ƙauyen su Yaya Asabe cewa manyan baƙi na zuwa ganin sabis. Na ji wannan magana da kunnena, na ce madalla. Da ina da hankali da a nan na tsaya na yi tunani.

Laraba aka tashi da ruwa. Mota ba ta shiga hanyar, sai muka bar ta, na goya Dakta, wani ɗan kabu-kabun Sabuwa ya goya Injiniya. Laka, rafi, laka. Sau biyu Dakta ya sauka ba da niyya ba. A bakin rafi na biyu na nuna masa wata ɗorawa can nesa, na ce daga ita zuwa gaba jihar Kaduna ce. Ya ce ina alamar iyakar? Na ce ɗorawar. Ya ce babu allo, babu jami'i? Na ce akwai masu kula da iyakar, amma ba a son haɗuwa da su.

Bayan azahar muka isa. Na sauke su a ƙofar mai unguwa, Baba Ɗanladi, na ce bari in gaida yayata in dawo. Ba a shiga gari a wuce gidan babbar yaya, ko da me aka zo. Yaya Asabe ta ba ni ruwa, ta dubi ƙafata, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan ramewa. Can ta ce, "Ina baƙin naka?"

"Suna ƙofar mai unguwa."

"Anya? Tun jiya yake sa ana sharar Dutse."

Na ajiye kwanon ban ƙarasa sha ba.

Dutsen nan yana bayan gari, tafiyar da ta kai a sha fura a ƙoshi, daidai inda gonaki suka ƙare daji ya fara. A duk yankin nan ne kaɗai waya ke kamawa, kuma ba ma namu ba ne, daga wani ƙarfe na ɓangaren Kaduna yake tsallakowa. Damina uku da suka wuce na zo gaida Yaya, na hau in kira matata. Wayar na kunnena mutanen daji suka fito. Wata biyu na yi a hannunsu. Na dawo da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Abin da na gani a can nawa ne, kada a tambaye ni a tasha. Tun ranar ban sake taka dutsen ba.

Da na iso gindinsa na tsaya. A sama an share fes, an shimfiɗa tabarmi, an kawo kujerar roba ɗaya tilo da ke garin, Dakta na kai da ƙwaryar fura a gabansa. Dattawa sun jeru da manyan riguna. Ya hango ni, ya ɗaga waya.

"Malam Lawwali! Kore shar! Har bidiyo yana yi!"

Baba Ɗanladi ya gyara rawani, ya ce, "Ai mu ma ba a baya muke ba, Dakta."

Na ce, "Baba, sauko ka ji."

Ya sauko yana murmushi. Na gaya masa ma'anar kore. Murmushin ya daɗe kafin ya gama barin fuskarsa.

Ya ce, "To ni mi zan yi, Lawwali? Baƙo ya taso tun daga birni ganin sabis, in kai shi inda babu? Mi za a ce da mu? In ka yi baƙo ai ɗakin da ba ya yoyo kake ba shi."

Na ce, "Wanga baƙon yoyon ya zo dubawa, Baba."

Injiniya ta sauko, fuskarta ba daɗi. Ta ce ta tambaya ko nan cikin gari ne, aka ce mata ai dutsen garin ne, kakanninsu ma a nan suke shan iska. Na ce ta goge. Ta ce ba ya goguwa. Na'urar in ta samu sabis da kanta take aika abin da ta auna, kuma ta riga ta aika. Yanzu haka a ofishinsu garin kore ne. Wato na'urar ba ta da saurin baki sai wajen labarin daɗi.

Ban san Yaya Asabe ta biyo ni ba sai da na ji muryarta. Ba ta gaida kowa ba. Ta kama hannun Injiniya ta ce, "Zo, 'yar nan." Ta ce wa Dakta, "Kai ma taso, Alhaji, furar ba ta gudu."

Ta kai su cikin gari, ɗaki ɗaki, duk inda ta taɓa karɓar haihuwa. Injiniya na aunawa, ja na fitowa. Bakin rijiya, ja. Masallaci, ja. Ƙofar mai unguwa ma ja, na ji daɗin wannan. Dakta na biye yana cewa ai a ƙa'idar bincike dutsen na cikin da'irar garin, ba a zaɓar sakamakon da ake so. Yaya ta tsaya a tsakar gidanta.

Ta ce, "Kana da mata?"

"Ina da ita."

"Kira ta."

Ya danna. Ya ɗaga sama. Ya matsa bakin danga. Ya hau turmi, da tumbinsa da komai, yana juya hannu.

Ta ce, "To yanzu a ce jini take zubarwa. Ci gaba, muna jira."

Ya daɗe a kan turmin. Da ya sauko bai ƙara maganar da'ira ba. Ya ce, "Injiniya, a aika waɗannan."

Ta ce, "Da wane sabis?"

An riga an yi la'asar. Agogonta ya wuce huɗu. Komawa Sabuwa a wannan lakar ya fi awa biyu. Dakta ya ce ai da sauƙi, a koma dutsen. Babu wanda ya motsa. Ya dubi dattawa, kowa ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Dakta, mutanen daji ma suna da waya. Su ma nan ne kaɗai take kama musu. Mu daga safe zuwa la'asar, su daga la'asar zuwa abin da ya sawwaƙa. Ba wanda ya zauna ya tsara, amma kowa ya san lokacinsa. Rabon iskar da kuke bincike, mun riga ku. Ni na taɓa shiga lokacinsu, shi ke nan."

Wannan karon bai ciro littafinsa ba.

Ya ce shi zai je. Na dubi farar rigarsa, na dubi yadda yake haki daga hawa turmi. Injiniya ta ce aikinta ne, ita za ta je. Yaya ta ce sai dai ta bi ta kanta. Baba Ɗanladi ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara, alhali hawan farko ma sai da mutum biyu suka riƙe shi. Suna ta wannan karamcin, lokaci na tafiya.

Na ce, "Mi ake dannawa?"

Injiniya ta ce ba a danna komai. Ta kashe wajen awon don kada ta sake ɗauko kore. Ta ce in na kai sama zan ga wani zobe yana juyawa, in ya tsaya ya zama alamar maki irin ta malamin makaranta, ya tafi. Yaya ba ta ce kada in je ba. Ta dai karɓe hulata, don fara ce.

Na je da ƙafa, mashin na da ƙara. A gindin dutsen ƙafar nan tawa ta ƙi. Na zage ta, ta yarda. Na hau da rarrafe, na kwanta rubda ciki bayan kujerar roba, na ajiye na'urar a gabana. Zobe ya fara juyawa.

Na sha jira a rayuwata. Na jira fasinja, na jira ruwan shuka, na jira abin da ba zan faɗa ba. Ban taɓa jiran abin da ya kai zoben nan rashin kunya ba. Ɗazu kore ya tafi kafin a aje ƙwarya. Ja kuwa sai ya tsaya, ya yi tunani, ya ci gaba. Can cikin daji na ji mashin. Na saurara, biyu ne. Na san ƙarar, ba ta masu zuwa kasuwa ba ce. Na ce wa zoben, "Don Allah." Ban taɓa roƙon mutanen can haka ba, sai ga ni ina roƙon ƙarfe.

Ya tsaya. Maki ya fito.

Yadda na sauko ban sani ba, gwiwoyin wandona ne suka sani. Na bi ta cikin dawa har bayan gari. Na miƙa wa Injiniya na'urar, ta duba, ta duba agogo, ta zauna a ƙasa ta cire tabarau. Yaya ta mayar mini da hulata, ta ce, "Ka ɓata wando." Baba Ɗanladi ya matso a hankali.

Ya ce, "Sannu, Lawwali. Halan ba ka sauko da kujerar ba?"

Na ce, "Na bar wa baƙin yamma, Baba. Kada a ce ba mu da karamci."

A garin muka kwana. Dakta ya ci tuwon dawa da ɗanyar kuɓewa har da ƙari, bai ɗauki hoto ba. Da safe muka kama hanya, na rabu da su a Sabuwa, na dawo Ƙanƙara ta inda na fito, da gudu irin na mutane.

Bayan kamar mako uku Injiniya ta kira ni ina tasha. Ta ce a ofis sun ga kore ɗaya da ja da yawa, wani mai ilimi ya ce a haɗa a raba, garin ya zama rawaya, wato da dama-dama. Ta ce Dakta ne ya buga tebur. Ban ga wannan da idona ba, yadda aka gaya mini na faɗa. An sa garin a jeri. Za su dawo bayan girbi su duba inda za a kafa ƙarfen. Ta ce, "Don Allah ka kira Yaya ka yi mata albishir."

Na ce, "In kira ta."

Sai ta tuna ba sabis a garin, ta ce, "Yi haƙuri."

Na cika tanki na tafi, yini guda a hanya. Na sami Yaya tana wanke hannu, ta fito daga wata haihuwa da ta zo da sauƙi. Na gaya mata. Ba ta yi guɗa ba. Ta ce sai ta ga ƙarfe a tsaye.

Ta ce, "Ka gaya wa mai unguwa za su dawo?"

"Tukuna. Nan na fara zuwa."

"To kada ka gaya masa. In ya ji, wannan karon fenti zai yi wa garin. Ranar da za su zo ka kawo mini su nan kai tsaye, kada ka tsaya gaida kowa."

Na ce, "Har ke?"

Ta ce, "Ni musamman."